Gwangwani a Bakin Gora

Auta na kwance a doguwar kujerar falo, idonta na kan silin, hankalinta kuwa yana can bayan makaranta, cikin rumfar rainon shuka. Rumfa ce mai rufin koriyar raga. Idan rana ta ɗaga, hasken yakan sauko a tace, kore shar, mutum ya ji kamar a ƙarƙashin ruwa yake tafiya. A nan ta jera tukwanen lemonta, aikinta na shekarar ƙarshe. A nan ne kuma Lasifika yakan tsaya yana zuba mata surutu har ta manta da yunwa.

"Ke Auta!" in ji Umma daga kicin. "Tashi ki kama mini aiki. Silin ɗin nan ya gaji da kallo."

"Umma, lemona fa sun mutu. Wa zai ba su ruwa? Shi ke nan firojek ɗina, sai na maimaita shekara!"

"Lemon kike wa kuka, ko mai muryar?"

Auta ta tura fuska cikin matashi.

Lasifika shi ne saurayinta, kuma Baba ya riga ya yi alkawarin ba shi ita da zarar ta kammala. Sunan ya bi shi ne tun ranar zanga-zanga. Famfunan hostal sun daɗe a bushe, ɗalibai suka fito neman ruwa, shi ya riƙe lasifikar. Wasu ɓata-gari suka farfasa tagogi. Hukumar makaranta ba ta gyara famfo ba, sai ta rufe makarantar, ta kori wanda aka fi jin muryarsa, ta hana shi taka harabar. Ba a bincika ba. Ba a kira shi an ji ta bakinsa ba. Shi kansa dutse ɗaya bai ɗauka ba.

Baba ya ga hotonsa riƙe da lasifikar a wayar maƙwabci, ya shigo gida ransa a ɓace.

"Wanda ya rufe wa 'yata makaranta ba zai shigo gidana ba. Na janye maganata."

"Baba, wallahi ba shi ya fasa..."

"Na gan shi da idona, baki buɗe kamar ƙofar gareji! Kada in ƙara jin kin kira shi, shi ma kada ya neme ki."

"Malam, a bi a hankali mana," in ji Umma. "Ruwa fa suka nema, ba mulki ba."

"Na gama magana."

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma ba ta kira shi ba. Watanni suka shuɗe cikin zafi. Da rana takan rufe ido ta ga rumfar, ganye na kaɗawa, wani na tafe daga nesa da ruwa a tafin hannu, kafin ya iso sai ya zube.

Ranar da aka buɗe makaranta, Baba da kansa ya ce zai kai ta, ya taya ta kwashe busassun tukwane. Suka bi ta gaban hostal, famfunan na nan a bushe yadda aka bar su. Ciyawar filin ƙwallo ta ƙone. Auta ta ɗaga ragar ƙofar rumfa, ta tsaya cak.

Kore! Ko'ina kore. Lemonta sun kai mata ƙugu, ganyensu na sheƙi. Ba nata kaɗai ba, har na sauran 'yan ajinsu, layi bayan layi, ƙasar kowace tukunya a jiƙe.

"Baba... ko mafarki nake?"

Baba kuwa ya hango wani abu na motsi. Wata doguwar gora ce ta kutso ta ramin shingen waya da ke bayan rumfar, da gwangwani ɗaure a bakinta. Ta taho a hankali tana rawa, ta karkata a kan wata tukunya, ta zuba ruwa, ta koma.

Baba ya bi gorar har shinge. A waje, kusa da kurar ruwa mai jarkoki, Lasifika ne tsaye. Ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta. Yana ganin Baba ya durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Kai ne? Tun yaushe kake wannan?"

"Tun da aka rufe, Baba. Kullum da safe."

"Ka shiga ciki?"

"An ce kada in taka, ban taka ba. Kun ce kada in neme ta, ban neme ta ba. Amma ba wanda ya hana ni ba shuka ruwa."

"To, na sauran mutane fa, wa ya sa ka?"

Lasifika ya sosa ƙeya. "Daga nan ba na iya gane nata. Sai na ce gara in ba su duka."

Auta ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Kullum kana nan kana surutu, ashe ko layina ba ka riƙe ba!"

"Ai ba tukwanen nake kallo ba."

Baba ya yi gyaran murya. Ya daɗe yana duban hannun yaron, sannan ya ce, "Na yanke maka hukunci da hoto ɗaya, kamar yadda su ma suka yi. Ka turo manyanka. Amma tukuna ka jira ni a nan." Ya gyara hula, ya nufi ofishin shugaban makaranta, yana cewa ba zai tashi ba sai an buɗe maganar korar nan.

An ɗaura auren bayan Auta ta kammala, haƙurinta bai tafi a banza ba. Korar dai, duk da zuwan Baba, ba a janye ta ba. Samari da 'yan mata su lura: so ba ya buƙatar tsallake shingen iyaye. Manya kuma su ji nasu: yaron da ya nemi ruwa, famfo ake gyara masa, ba kora ba. A mayar wa Lasifika da kujerarsa a aji. Hakkinsa ne, kuma har yau yana bakin shinge yana jira.