Haƙorin da Ya Hana Nuan Aure

Ranar Asabar dattijai suka ɗaura wa Pichit farin zare a wuyan hannu, a ƙauyensu da ke bayan birnin Khon Kaen, suka sa wa aurensa albarka. Amaryar Orathai ce, 'yar maƙwabtansu. Nuan, wadda ya shekara uku yana nema, tana cikin motar haya a lokacin, za ta asibiti a ƙara ɗaure mata wayar haƙori.

An haifi Nuan da tsagaggen leɓe da ganɗa. An ɗinke mata tana jaririya, amma dasashinta na sama ya zauna babu ƙashi a gefen hagu, ga giɓi. Bara Likita Sumalee ta zuƙo ƙwayoyin asali masu haifar da ƙashi daga ɓargon ƙugunta, ta dasa a ramin. Ƙashi ya tsiro. Yanzu waya tana jan fiƙarta zuwa cikin sabon ƙashin, tafiyar da ba ta kai kaurin ƙwayar shinkafa ba a wata guda. Saura wata goma sha huɗu.

Wata biyu kafin bikin, Inna Bualoi, mahaifiyar Pichit, ta kira Nuan cin abinci. Orathai na gefe tana daka kwaɗon gwanda.

"Malamin haikali ya ba mu rana," in ji Inna. "Baɗi Pichit zai cika shekara ashirin da biyar, kin san a al'adarmu ba a fara babban abu a irin wannan shekarar. Ko bana, ko sai bayan shekara biyu."

"To, Inna."

"Amma ba da wannan ƙarfen a baki ba! Dangi za su tambaya. Kowa zai ce alhakin wata rayuwar da kika yi a baya ne ya biyo ki, zai kuma biyo jikokina."

Orathai ta ajiye taɓarya tana murmushi.

"Ai da sauƙi, Inna. Akwai mai haƙori kusa da kasuwa, sati biyu ya cire waya, ya liƙa na roba, ba mai ganewa. Yaya Nuan, ci mana... au, na manta! Shinkafa mai danƙo ba ta shiri da shinge."

Pichit bai ɗago daga kwanonsa ba.

Ranar Litinin Nuan ta kai maganar asibiti. Likita ta ɗora hoton ƙashin a jikin fitila.

"Waya zan iya cire miki ta yini guda, amma giɓin zai fito fili. Na roba kuma sai an fiƙe lafiyayyun haƙora biyu, aikinmu ya tsaya nan."

"Ƙashin fa?"

"Ƙashin da ba haƙori a cikinsa narkewa yake. Sai ramin ya dawo, ruwa ya riƙa bi miki ta hanci kamar da. Baki naki ne, Nuan. Ba zan zaɓa miki ba."

Pichit na jiran ta a kan babur, ƙarƙashin bishiyar tsamiya.

"Masoyiya, ya kuka yi?"

"Saura wata goma sha shida, Yaya."

"Haba zuciyata... haƙori ɗaya ne fa!"

"Kai ka riƙe min hannu ranar da aka huda min ƙugu. Kai ka ce ba zan ƙara shan miya ina toshe hanci ba."

"Na faɗa. Amma Inna ta tsufa, tana tsoron baɗi."

"To mu yi bana, da wayar."

"Ba za ta yarda ba."

"Mu jira shekara biyu."

"Shi ma ba za ta yarda ba..."

"Kai fa?"

Ya murza makullin babur, ya kashe, ya sake murzawa.

"Hau in kai ki gida, Nuan."

"Bar shi, Yaya. Motar ƙarfe huɗu ba ta wuce ba."

Sau uku ya kira ta a wannan satin. A na ukun ya yi kuka, ya ce yana son ta fiye da ransa. Ta ce ta sani. Ta tambaye shi ko ya yi wa Inna magana. Ya ce yana neman lokacin da ya dace. Bai sake kira ba.

Ranar Asabar ɗin bikin, ƙarfe goma, ita kaɗai ce a ɗakin jira. Likita ta sauya mata waya, ta ɗauki sabon hoto, ta daɗe tana duba shi.

"Ba mai raka ki yau?"

"Babu. Haƙorin ya matsa?"

"Ya matsa, saiwar ta shiga ƙashin. Sai dai akwai wata inuwa a gefe, nan."

"Mece ce?"

"Wataƙila ƙashin ne bai gama nuna ba. Wataƙila kuma ya fara zaizayewa. Ba zan sani ba sai hoton watan Nuwamba."

Nuan ta karɓi katinta, ta karanta ranar da aka rubuta. Sha bakwai ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe.