Ni Za Ki Fara Yi Wa Kitso

A motar Yendi zuwa Salaga Munawara ta fara ganinsa, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana raba 'ya'yansa mata biyu da ke kokawa kan kujerar bakin taga.

"Miƙo ƙaramar nan," ta ce. Ta ɗora Shakira a cinya, kuka ya tsaya cak.

Sunansa Mukaila, mai fataucin doya, matarsa ta rasu shekara biyu ke nan. Kafin su sauka ya karɓi lambarta. Ba a yi wata ba saƙonni suka fara zuba:

"Sanyin idona, ko lodin doya nake, ke nake gani."

A Bawku mahaifiyarta ta taɓe baki. "Aure za ki je ko raino?" Da ƙyar ta sauko.

Sai dai babbar 'yarsa, Fauziya, ta ƙi. In Munawara ta kawo tsaraba sai yarinyar ta watsar, ta mintsini ƙanwarta ta fice. Rannan Mukaila ya turo:

"Yarinyar nan ta daina cin abinci. Ba zan iya ƙara mata ciwo ba. Mu dakata."

Munawara ta sha kukanta, sannan ta hau motar Salaga. Shakira ta sheƙo da gudu, hannuwa a sama.

"Jira, 'yar auta. Yau wajen yayarki na zo."

Ta iske Fauziya a bayan rumbun doya, kai a tsefe.

"Me na yi miki, 'yata?"

"Tun a mota ita kika ɗauka! Kowa ita yake ɗauka. Ni sai a ce, ke ce babba, yi haƙuri." Hawaye suka zubo mata. "Ni ma fa mamata ce ta mutu."

Mukaila, da ke bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

Munawara ba ta ce mata yi haƙuri ba. Zama ta yi a ƙasa ta jawo ta jikinta. "Gaskiyarki. Yi kukanki, ina nan."

Bayan kwana uku saƙo ya shigo daga wayar Mukaila:

"Anti, ni ce. Ki zo. Amma ni za ki fara yi wa kitso."

Aka ɗaura aure a Bawku. A motar kai amarya Shakira na cinyar babanta, Fauziya kuwa na bakin taga da sabon kitso, ta riƙe hannun Munawara gam.

Allah ya bar su tare, ya raya zuri'a.