Keziah da Mai Wa'azin Kasuwar Ledbury

A kasuwar Ledbury Keziah Pugh ta fara ganinsa, cikin 1841. Yana tsaye kan akwati yana wa'azin Littafin Mormon, ruɓaɓɓen ƙwan da aka jefe shi da shi na gangarowa a kumatunsa. Ta miƙa masa tsumman kwandonta.

"Goge, Malam. Warinka na korar mini masu sayen man shanu."

Ya yi dariya. "Jabez Thornley. Na gode, 'Yar Man Shanu."

Bayan wata biyu ya yi mata baftisma a kududdufin gona. Mahaifinta, dattijon cocin Methodist, ya kulle ta a ɗakin sama, ya buga wa tagar ƙusa. Kwana arba'in ba ta taka ƙasa ba. Enoch mai injin niƙa, wanda ya daɗe yana sonta, ya tsaya bayan ƙofa ya ce, "Mai wa'azinki yana da mata a Amurka."

Ta daina cin abinci.

Gwaggonta ce ta shigo da wasiƙa cikin kayan wanki:

"'Yar Man Shanu, ba ni da kowa sai ke. Manyan cocinmu sun ɗora mini jagorancin masu bi saba'in zuwa garin Nauvoo a Amurka, jirgi zai tashi nan da kwana tara. Sun sayar da gidajensu, ba zan iya barinsu ba. Ke ma ba zan iya barinki ba. Kuma ba zan sace ki ba."

Ta rubuta a baya: "Jabez nawa, to zo ta ƙofar gaba."

Ya zo da hantsi, hula a hannu.

"Yaro," in ji mahaifinta, "in na ba ka ita, zan sake ganinta?"

Jabez ya sunkuyar da kai. "A'a, Baba. Da wuya."

"Na ɗauka za ka yi mini ƙarya."

Tsohon ya miƙe. Sannan ya hau bene da makulli, yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

A Liverpool aka ɗaura auren, kwana ɗaya kafin tashin jirgi. Jabez ya zama bishop, wato shugaban coci, daga baya, suka yi shekara arba'in tare. Amma abin da Keziah ta fi ba jikokinta labari shi ne hannun mahaifinta a kanta, a bakin ruwa, yana cewa:

"Addininki ban yarda da shi ba, 'yata. Mijinki na yarda da shi. Allah Ya yi muku albarka."