Ramin Garajin Abdoulrazak

Da hantsi aka buga waya komisariyar 'yan sandan Malanville, aka ce mota ta faɗo wa makanike Abdoulrazak a garajin gidansa, ya cika nan take.

Insifekta Latifu ya hau babur ya nufi unguwar. Mutumin kudu ne, iyalinsa na Parakou, Hausarsa ta kasuwa ce.

Ya tarar an ɗauke gawar. A tsakiyar garajin injin ɗaga mota ne, wanda makanikai ke kira pon: ginshiƙan ƙarfe biyu masu hannuwa. Motar na kwance a gefe. An shimfiɗa tabarma a gindin ginshiƙin hagu.

Wani dogon mutum ya tare shi.

"Ni ne Bukari, wan mamaci. Shef, ba sai ka wahala ba. Matatai ta ja ƙarfen saukarwa shina ƙarƙashi. Duk unguwa an ji hwaɗansu jiya."

"Ka gan ta?"

"Wa ak cikin gida in ba ita ba?"

Latifu ya ɗaga kai. Hannuwan pon na sama, sakatarsu a kulle. Ba wanda ya sauke motar. Ginshiƙin hagu ne ya karkata, ta zame.

"Ba a ja komai ba," ya ce.

Bukari ya ce: "To, ta kwance notin gindin. Ita ta matsa mashi ya sayo ƙarhen ga. Gobe zan kai ɗiyatai garinmu Guéné wurin tsohuwarmu. Ba mu barin jininmu hannun wadda ta kashe ubanta."

Matar, Sadiya, na zaune ita kaɗai a ɗaki, ta rungume wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba. Matan dangin miji sun cika tsakar gida, ba wadda ta shigo wurinta. 'Yar Gaya ce, tsallaken gulbi, ga gadar iyaka a rufe, nata dangin sai sun samu jirgin fito.

"Madam, kun yi faɗa jiya?"

"A'a."

"Maƙwabta sun ji."

Ta sunkuyar da kai. "Mun yi. Na ga Husna tana wasa kusa da pon, na ce ya sa ƙyaure. Ya ce sai wata ya mutu. Na ɗaga murya."

"Me ya sa kika ce ya sayi pon?"

"Da can rami gare shi, shina shiga ya gyara mota daga ƙasa. Nan kusa da gulbi muke, damina na yi ramin ya cika da ruwa. Bara Husna ta hwaɗa ciki. Da ƙahwa na jawo ta." Ta ƙara matse yarinyar. "Na ce ko ramin ko mu. Ya sai da gonar albasatai, ya tahi Kwatano ya sayo pon na hannu. Ni ina cewa na tsirar da gidana."

"Ina ramin yake?"

"Inda ginshiƙin hagu."

"Wa ya cike shi?"

"Yaya Bukari. Mai gidan ya bar mashi siminti da motar tsakuwa kahin ya tahi. Ni ina Gaya lokacin, uwata ba lahiya." Ta ɗago ido a karo na farko. "Shef, ku ɗaure ni in kuna so. Amma ba ta cin tuwo in ba ni na ba ta ba."

Latifu ya tuna tasa 'yar, wadda yake gani a waya kawai. Ya miƙe ya nufi kasuwa.

Ɗan'iya, wanda ya kafa pon ɗin, yana rumfarsa ta walda a bayan kasuwa.

"Kai ka huda daɓen?"

"Ni ne. Daɓe kamar dutse, wallahi. Sai da na karya bakin injin huda biyu."

"To daɓe lafiya, aikinka ne ya kashe mutum. Tashi mu tafi."

"Haba Shef! Tsaya mana, ai magana muke." Ya ajiye tabaraun walda. "Wajen ginshiƙin dama dutse ne. Na hagu kuwa, ina hudawa sai ƙarhe ya wuce zuruf, kamar an soka tsinke cikin kunu. Na ce wa Bukari wurin ga bai yi ba. Ya ce siminti ne bai gama shan iska ba, in ɗaure in tahi."

"Ka gaya wa mamaci?"

"Wa ka shiga tsakanin wa da ƙane?"

Bayan la'asar Latifu ya koma gidan da 'yan sanda biyu. Masu gaisuwa sun watse. Garajin shiru, sai kajin Sadiya da suka taru a gindin ginshiƙin hagu, suna tura kai ƙarƙashin tabarma suna tono.

Ya tsaya yana kallonsu. Kaza ba ta tonon siminti.

Ya yaye tabarmar. Daɓen ya tsage, kaurinsa bai kai yatsa biyu ba. Ya zura hannu cikin tsagar ya damƙo wani abu baƙi mai ɗoyi. Ɓuntun shinkafa ne, irin wanda ake jibgewa a bayan injin casa kowa ya ɗiba kyauta. Ruwan damina ya shiga ta ƙasa ya ruɓar da shi, har tsutsa ta kama.

Ya sa aka fasa wurin da diga. Ɓuntu har ƙasa, ba tsakuwa ko ɗaya.

Aka kira Bukari. Da ya ga ramin sai ya ja baya.

"Wa ya shimfiɗa tabarmar nan?"

"Don masu gaisuwa..."

"Masu gaisuwa na zama ƙarƙashin ƙarfen da ya karkata? Ina siminti da tsakuwar da ƙanenka ya bar maka?"

"Na zuba."

"Na biyo ta ƙofar gidanka a bakin gulbi. Duk layin katangar ƙasa ce ruwa ya cinye, taka kaɗai ce ta siminti, sabuwa."

Bukari ya durƙusa a bakin ramin.

"Ruwa ya ci mini ɗaki biyu bara," ya ce a hankali. "Ɗiyana na kwana makaranta. Na ce ara ne, in na samu in maido. Rami ne za a ruhe, wa ka duba cikinai? Ban san nan za a kahwa ƙarhen ba. Randa Ɗan'iya ya huda, na so in hwaɗi, kunya ta hana ni."

"Ita kuma fa?"

"Baƙuwa ce." Ya share fuska. "Na ga ba ta da kowa."

Aka sa masa ankwa. Matan da ke tsakar gida suka fara neman takalmansu ɗaya bayan ɗaya.

Latifu ya tsaya a ƙofar ɗakin.

"Madam, ba ki da laifi. Ba mai taɓa yarinyar."

Sadiya ta fito ta dubi garajin. Ga pon a karkace, ga ramin ya sake buɗe baki a inda yake da. Husna ta zame daga hannunta ta bi kaji da gudu. Uwar ta cafke ta tun ba ta kai ba, ta goya ta, ta ja zani ta ɗaure tamau.

"Shef, kun gama da ramin ga?"

"Sai an ɗauki hoto gobe."

"To ku ɗauka da wuri."

Babur ɗin Latifu ya bi bayan motar 'yan sandan da ta tafi da Bukari. Sadiya ta jawo wani tsohon ƙyauren langa-langa ita kaɗai ta kife a bakin ramin, ta ɗora bulo a kowace kusurwa. Sannan ta zauna a kai, da yarinyar a bayanta, tana jiran jirgin fito ya kawo wani daga Gaya.