Surukin Da Ya Cinye Kauri

Hajiya Yelwa ta ɗauko tsoka guda daga kwanon farfesu, ta ɗaga ta saitin taga kamar mai duba zinare, sannan ta jefa a baki. Ta tauna, ta tauna, ta lumshe ido. Baha'uddeen, mijin 'yarta, yana tsaye a ƙofar kicin riƙe da ludayi.

"Bijimi ne," in ji Hajiya daga ƙarshe. "Amma bijimin da bai taɓa ganin rana ba. Allah sarki! Tunda aka haife shi yana ɗaki."

"Haka ne, Umma," Baha ya ce yana sunkuyar da kai. "Shanun nan ba su cika fita ba, saboda sanyi."

Muhibbat, 'yar tata mai jego, ta cusa fuskarta a jikin jaririnta Jabir, kafaɗunta suna rawa don dariyar da take ɓoyewa. Hajiya ta ɗauka kewar gida ce, ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, ci abinki. Haka ƙasar mutane take."

To, mai karatu, bijimin nan garin alkama ne. Baha ne ya kwaɓa shi da hannunsa, ya yi ta wanke shi a ruwa har ya koma danƙo, ya dafa da daddawa da citta da masoro. Ita kuwa Hajiya jikar Sarkin Fawa ce, wadda ke alfahari a duk unguwarsu a Kano cewa da tauna ɗaya take bambance naman sa da na saniya, har ta faɗa maka ko dabbar ta mutu da fushi.

Yadda aka yi alkama ta zama sa kuwa, ga shi. Ba da jimawa da tarewarsu a wani ɗan flat a unguwar Lewisham ta ƙasar Turawa ba, Baha ya kai amaryarsa wurin shan iska inda barewa ke kiwo. Nan kaska ta cije ta a ƙafa. Aka cire, aka yi dariya, aka manta. Bayan wani lokaci, ranar da ta ci tsire, sai jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, leɓɓanta suka kumbura, numfashi ya nemi gagara, sai da motar asibiti ta zo. Likitoci suka ce cizon kaskar nan ne ya sa jininta ya ƙi naman duk wata dabba mai ƙafa huɗu. Kaza da kifi ba laifi. Sa, rago, akuya kuwa, ko romonsu kada ya taɓa harshenta.

Tun a gadon asibiti ta kama hannunsa. "Yaya Baha, don girman Allah kada Umma ta ji."

Bai tambayi dalili ba, ya san shi. Ciwon kai kawai Muhibbat ta yi a satin biki, Hajiya ta ce dangin ango ne suka binne mata wani abu a ƙofar ɗaki. Daga ranar ita da mahaifiyar Baha ko a makoki suka haɗu kowacce bango take gaisarwa. To ina ga a ce mata jinin mahauta ta daina cin nama a gidan miji? Ai kafin la'asar an raba auren.

Baha ya yi alkawari. Kuma saboda kada ta riƙa kallon bakinsa, shi ma ya bar jan nama. Ya zama ɗan yawon neman abin da zai maye gurbinsa. Babu shagon Indiyawan da bai leƙa ba a unguwar Croydon, babu na Sinawa da bai sa an fassara masa bayan leda ba. Ya sayo wani tsiren waken suya mai ɗanɗanon katifa. Ya sayo wani ɗan itace na gwangwani da aka rantse masa kamar dambu yake, Muhibbat ta ɗanɗana ta ce, "Dear, ina son ka, amma wannan abarba ce da ta yi ridda." Da ƙyar dai ya dace da alkama da awara da naman kaza, gida ya zauna lafiya.

Sai ga haihuwa, sai ga Hajiya da akwatunan yaji da kanwa, ta zo zaman jego.

"Kaza?" ta ce ranar da ta sauka. "Kaza ai tsuntsuwa ce! Ina kaurin 'yata? Mace ta haihu ba ta ci ƙafar sa ba, da me ƙashinta zai koma?"

Shi ya sa Baha ya ce shi zai riƙa dafawa, don Umma ta huta. Da ta tambayi inda ƙashi da ɓargo suka shiga, ya dubi ƙasa ya ce, "A nan tun a mayanka ake cirewa, Umma. Doka ce."

"Ikon Allah! Har ƙashi sun sa wa doka?"

Baha fa mutum ne mai kunya, irin ta da. Tunda surukarsa ta zo bai taɓa yarda ta ga bakinsa yana motsi ba. A cikin mota yake cin abinci, a ƙasan bene, maƙwabta har sun fara zargin an kore shi daga gida. Wannan ɗabi'a ita kaɗai Hajiya ta yarda tana burge ta a wurinsa.

Da komai ya tafi daidai har arba'in, ba don Shetu ba, 'yar zangon Kumasi da ke zaune a hawan ƙasa. Ta zo barka, Hajiya ta kai mata ƙarar dokar ƙashi.

"Hajiya, wa ya gaya maka?" Shetu ta ce da Hausarta ta zango, tana tafa hannu. "Ƙashi ya cika kasuwa! Tashi sa mayafi in nuna maka."

Da yammacin ranar Baha ya dawo daga aiki. Tun a matakala ƙamshi ya tare shi, ƙamshin da hancinsa ya daɗe da mantawa. Ya haye da gudu.

Muhibbat na zaune a kan kafet, kwano a cinyarta cike da ƙafar sa ta gaske, romo yana ƙyalli. Fuskarta ta yi fari, idonta taf da hawaye. Hajiya na tsaye a kanta, hannu a ƙugu.

"Na ƙoshi, na ƙoshi, tun ɗazu ke nan! Ni na tsaya a kan tukunyar nan tun azahar. Wallahi Muhibbat in ba ki ci ba, ban yafe miki nonona ba!"

Muhibbat ta dubi mijinta. Ta ɗebo romo a cokali, ta fara ɗagawa.

Baha ya tuna leɓɓan nan da suka kumbura. Ya tuna alkawarinsa. Tsakanin biyun bai ga wata hanya ba sai ɗaya. Ko takalmi bai cire ba, ya yi tsalle ya fizge kwanon, cokali ya yi gefe. Ya zauna daɓas a gaban surukarsa, ya tsoma hannu.

"Umma, yunwa nake ji," ya ce, muryarsa kamar ta wanda za a yanka.

Ya ci. Ya gwagwiyi guringuntsi, ya zuƙe ɓargo har da ƙara — fiiit! Yajin Hajiya ya sa hawaye da majina suna rige-rige a fuskarsa, bai tsaya ba. Da ya tuna akwai saura a kicin, ya tashi ya kinkimo tukunyar, ya dawo ya zauna. Masu ba da labari sun ce har ludayin ya lashe. Ni dai ban ga wannan ba, amma tukunyar ba ta buƙaci wanki sosai ba.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kaurin mai jego? A gabana? Ashe kunyar taka ta ƙarya ce! Ashe shi ya sa kake shigewa mota, can kake cinye mai ƙashin, ka kawo wa 'yata bijimin ɗaki! Muhibbat, ɗauko fasfo ɗinki da na yaron nan. Yanzu zan kira kawunki, ya je gidansu ya karɓo miki takardarki!"

Baha ya durƙusa, cikinsa kamar ganga. Kalma ɗaya za ta wanke shi, amma kalmar ba tasa ba ce.

"Ki yi haƙuri, Umma. Na yi kuskure."

"Kuskure? Tukunya guda kuskure? Mai kwaɗayi kawai, wanda ba a koya wa tarbiyya ba! Dama ni na san gidan da ka fito!"

Ya ƙara sunkuyar da kai. Hajiya ta zaro waya daga jaka, ta fara laluben suna. Nan ne Muhibbat ta fashe da kuka, ta rarrafo ta riƙe ƙafar mahaifiyarta.

"Umma, raina ya ceta! Da na haɗiyi romon nan, da yanzu motar asibiti ce a ƙofa, in ma an dace ta iso da wuri!"

Ta zayyana komai — barewa, kaska, tsire, likita, alkama. Ta jawo jakarta ta fito da allurar gaggawa da take yawo da ita. Hajiya ta sulale ta zauna a kujera, wayar ta zame daga hannunta.

"Kaska? Kaskar da nake cire wa akuya da farce?" Sai idonta ya ƙanƙance. "To wa ya turo kaskar?"

"Kin ji ko, Umma?" Muhibbat ta ce cikin shessheƙa. "Wannan tambayar ce ta sa na ɓoye miki. Na gwammace in sha romon da in ji kin kira sunan mahaifiyarsa."

Hajiya ta dubi cokalin da ke yashe a kafet, ta dubi 'yarta, sai hawaye shar.

"Yau da hannuna zan kashe ki, ina yi miki rantsuwa a kai? Har na kai inda 'yar da na haifa take tsoron gaya mini ciwonta?"

Ta juya ga Baha, wanda har yanzu yake durƙushe, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Kai kuma na zage ka, na zagi gidanku, ka yi shiru?"

"Na yi mata alkawari, Umma."

"Tashi, ɗan nan. Tashi, Allah ya yi maka albarka." Ta share ido da bakin mayafi. "In za ka iya tashin."

Bai iya ba. Sai da Muhibbat ta kama shi, tana kuka tana dariya, ta raɗa masa, "Sorry dear. Yaya ɓargon?"

"Wallahi da daɗi," ya ce a hankali. "Kada ki gaya wa alkama."

Hajiya ta tsinci wayarta. Ba kawu ta kira ba. Ta ce Baha ya karanto mata lambar mahaifiyarsa, ta danna da kanta, ta gyara zama.

"Salamu alaikum, Hajiya. Ni ce, Yelwa... A'a, lafiya lau, babu wanda ya mutu. Kira na yi in ce Allah ya saka miki da alheri, kin iya haihuwa. Sai dai ɗan naki akwai ci, tubarkalla!"

Suka yi ta hira har katin Hajiya ya ƙare, ɗaya Hajiyar ta sake kirowa.

'Yan mata da samari, ku da kuke auna so da zaƙin baki a waya, ku duba nan. Mai son ki shi ne wanda zai yarda a kira shi maras kunya, ya haɗiye, don ke ki kwana lafiya, kuma haƙurinsa ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma ɓoye-ɓoye, ko na ƙauna ne, kun ga inda ya kusa kai cokali. Mu kuma iyaye, mu rage zargi, don uwar da ke neman maƙiyi a bayan kowane ciwo, ita ce ta ƙarshe da za ta ji 'yarta ba ta da lafiya.