Salansar Motar Nama

Ranar da Balkisu ta fara ganin Dawuda, ƙafafunsa kawai ta gani, don sauran jikin yana ƙarƙashin motar wani.

Motar mahaifinta ta kawo gareji, tsohuwar a-kori-kura mai ɗauko nama daga mayanka zuwa babbar kasuwar Garwa. Tun da yayanta ya koma Ngawundere ita ke tuƙa ta, mutane sun yi surutu har sun gaji. Kwanan nan motar ta daina jan jiki, ko an taka ta har ƙasa sai nishi.

Dawuda ya fito, ya goge hannu a wandon da ya fi hannun datti, ya gaishe ta da Fulatanci. Ta amsa da Hausa.

"Ashe 'yar gida ce," ya ce, ya leƙa ƙarƙashin motar. "Katalizar ce ta toshe, gwangwanin nan mai tace hayaƙi. Man bakin titi kuke zuba mata ko?"

"Duk garin nan wa ke zuba wani?"

"To sabuwa sai an aika Duwala. Ko kuma in yanke ta, in ɗora miƙaƙƙen bututu."

Ta ce ya yanke. Ya yanka, ya yi walda, ya zuba abin da ya ciro a buhu ya ajiye a bayan mota, ya ce kayansu ne, a kai wa Alhaji mahaifinta. Da ta tayar, motar ta yi wani ruri da ya watsa awakin bakin garejin.

"Haka za ta riƙa yi?"

"Za ta lafa," ya ce, yana kallon ƙasa. Ya karɓi lambarta, wai don ya ji yadda aikin ya yi.

Ba ta lafa ba. Washegari da safe saƙo ya shigo: "Na ji wucewarki, Direbata. Allah ya ba da kasuwa."

Ta mayar: "Duk unguwa ta ji, ba kai kaɗai ba."

Haka kullum. Wanda ya ce aikinsa yake bibiya, sai ga shi yana tambayar ko ta karya kumallo. Balkisu ta kamu da sonsa sosai, ba ta kuma tsaya yi wa kanta musu ba. Kafin damina ta wuce baffanninsa sun zo gaisuwa, mahaifinta Alhaji Mahamman ya ce zai yi shawara.

Alhaji mahauci ne da ba ya son a juyo a kalle shi, ko tari a masallaci haɗiye shi yake. Sai aka yi wa amininsa rasuwa a Kaele, ya ja motar da kansa ya tafi ta'aziyya. Ya isa ana tsakiyar addu'a. Ruri ya cika layin, liman ya yi shiru, jama'a suka juyo gaba ɗaya da hannuwansu a sama. Ya dawo gida ko abinci bai taɓa ba.

Mahmudu mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya daɗe yana son Balkisu ba ta kula shi, ya zo jaje da wuri, har da leƙa ƙarƙashin motar.

"Baba, cire katalizar kaɗai ba ya kawo wannan ƙara. Har tukunyar salansa mai kashe ƙara ya yanke. Kasuwa suke kai su."

Alhaji ya kira Balkisu. "Ki gaya wa yaron nan kada ya ƙara turo kowa. Ba na ba ɓarawo 'yata."

Hankalinta ya tashi, don ta san mahaifinta ba ya magana biyu. Sai ta tuna buhun nan, wanda tun ranar ba ta ko buɗe ba.

"Inna, ina buhun da na sauke daga mota kwanaki?"

"Ƙarafan nan?" in ji Inna Fati. "Ƙaramin shi ke tokare ƙofar madafa. Babban na ɗora tulu a kai."

Ga su duka biyu, ba a sayar da komai ba. Amma da ta juya babbar tukunyar, lafiyarta lau, babu huda babu tsatsa. Ranta ya ɓaci, ta rubuta wa Dawuda: "Me tukunyar salansa ta yi maka ka yanke ta?"

Amsar ta daɗe kafin ta zo.

"Ba ta yi komai ba. Garejinmu yana bayan katanga, ba na ganin titi. Na cire ne don in riƙa jin wucewarki. Na yi kuskure, Direbata, ki yafe mini."

Ta karanta ta yi dariya, sannan ta tuna fuskar mahaifinta, hawaye ya zo mata. Ta rubuta: "Ba ni ka kunyata ba. Ka zo ka faɗa wa Baba da bakinka."

Ya zo bayan la'asar, ya durƙusa a tsakar gida, ƙarafan biyu a gabansa, ya faɗi gaskiya bai rage komai ba. Balkisu tana bayan labule tana saurare.

"Wato saboda daɗin kunnenka na katse addu'ar mamaci," in ji Alhaji.

"Haka ne, Baba."

Alhaji ya girgiza kai. "Sata dai ba ka yi ba, wauta ka yi. Ka mayar da tukunyar. Ranar addu'ar arba'in kai za ka tuƙa ni Kaele, ka ba mutanen gidan haƙuri."

Ya mayar, ya kuma kai shi. Suka tsaya a ƙofar gidan makoki ba wanda ya ɗaga kai. A hanyar dawowa, in ji Dawuda, sai da suka hango Garwa sannan Alhaji ya ce masa ya gaya wa baffanninsa su dawo. Mahmudu kuwa ya daina zuwa gaisuwa.

Aka ɗaura aure bayan Babbar Salla. Balkisu ta kafe a motar nama za a kai ta, aka wanke motar da sabulu har ƙamshi take, yayanta ya zo daga Ngawundere ya tuƙa. Inna Fati ta sa musu albarka, ta ce ƙaramin ƙarfen dai ba ta bayarwa, ƙofarta na buƙatarsa.

Da mata suka watse, Dawuda ya yi sallama ya shigo, ya zauna nesa kaɗan da ita.

"Tun la'asar ina gidan maƙwabta ina kasa kunne," ya ce. "Wallahi ban ji zuwanki ba."

Ta ɗan ɗaga mayafinta ta dube shi.

"Ka huta da kasa kunne, Makanikina. Yau ba wucewa na yi ba."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.