Matokarin Farfela

Ƙarfe takwas na safiyar Talata aka bugo waya kwamisariya, ofishin 'yan sanda, aka ce jirgi ya kashe mutum a hanyar Jiratawa. Insifekta Ya'u na jin an ambaci jirgi ya ajiye kofin shayinsa, bai ƙara kurɓa ba.

Jirgi ɗaya ne a wajen, mai saukar ungulu, na wani kamfani da aka ɗauko don feshin jan-baki, tsuntsayen da suka addabi dawar Jiratawa. Makanikinsa kuwa Gado ne, abokin Ya'u tun suna lakwal, 'yan makaranta.

Ba abotar ce kaɗai ta sa gabansa ya faɗi ba. Ran Asabar da ta wuce, jirgin na kwana huɗu a ƙasa bai tashi ba, Ya'u ya je gaida tsohuwarsa ya tarar muryarta ta dushe wajen korar tsuntsu. Nan take ya kira Gado. "Kai ne da jirgi, amma Inna na kaɗa gwangwani a gona? Ko ta halin ƙaƙa ka tashe shi, Gado." Gado ya ce, "To."

A filin da jirgin ke sauka an riga an lulluɓe gawar da tabarma. Hamidu ne, mai zuba wa jirgin magani, mutumin Tibiri. Matuƙin, Bo'az, na zaune a kan jarka ya dafe kai.

"Mi ya faru?" Ya'u ya tambaye shi.

"Na sauka lafiya, Shef, na kashe inji. Farfela na rage gudu sai iskar hadari ta taso. Hannunta ɗaya ya yi sama, ya dawo ƙasa, ya same shi a ka."

"Ya matso inda bai kamata ba?"

"A'a. Nan yake tsayawa kullum."

"To yaya farfela za ta sauko har kan mutum?"

Bo'az ya miƙe ya nuna saman jirgin. "In tana gudu, gudun ke riƙe hannayen a miƙe. In ta rage, sai su yi laushi, iska ta riƙa kaɗa su sama da ƙasa. Shi ya sa a gindin kowane hannu akwai matokari, ɗan ƙarfen da ke tare shi kada ya wuce iyaka. In yana nan, hannu ba ya sauka ƙasa da tsayin mutum."

"Ka duba shi kafin ka tashi?"

"Na duba komai." Bo'az ya kau da ido.

Gado ya fito daga bayan jirgin riƙe da tsumma. Ya'u ya lura ba su gaisa kamar yadda suka saba ba. Shi ma bai iya miƙa hannu ba.

"Insifekta," in ji Gado, ya buɗe tsumman. Ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, ya rabe biyu. "Ga matokarin. Iska ta karya shi. Sabo ne, ran Lahadi na saka. Ga takarda, na sa hannu."

Ya'u ya juya ƙarfen. Fentinsa toka-toka ne, irin na sauran jirgin. Ya danna farce a kai, sai fentin ya loɓa ya manne masa a yatsa. Ya kai hanci, ya ji warin fentin ƙofa.

Ya juya wurin Bo'az. "Haka sabon ƙarfen jirgi ke zuwa, da ɗanyen fenti?"

Bo'az ya ce, "Na ga fentin jiya, Shef. Ban tambaya ba. Manoma sun cika filin nan suna jira, na ji kunyar in ce ba zan tashi ba."

Ya'u ya naɗe ƙarfen ya sa a jaka. Ya so Gado ya ce wani abu, ko da zagi ne. Gado ya koma bayan jirgin.

Bayan azahar, da aka dawo daga maƙabarta, Ya'u ya isa Tibiri. Zuliha, matar Hamidu, na zaune cikin mata, da goyo a cinya. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi ta'aziyya, ta amsa da ƙyar.

"Ki yi haƙuri da tambaya a irin wannan rana. Ko ya taɓa yi miki maganar jirgin?"

"Kullum maganarsa ke nan," ta ce. "Ran Lahadi ma bai ci abinci a gida ba. Ya ce zai kai Malam Gado Sabon Gari a babur, wurin mai walda. Ya dawo yana murna, wai an gyara, gobe za a tashi, mutane su huta."

"Mai walda wane?"

"Shamsu, ya ce."

Ta ɗago ta dube shi. "Ranka ya daɗe, ai ajali ne, ko?"

Ya'u ya sunkuyar da kai. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya tashi da sauri har ya manta hularsa, sai da wata tsohuwa ta biyo shi da ita.

Rumfar Shamsu na bakin titi a Sabon Gari, tsakanin mai faci da mai sayar da katifa. Yana haɗa ƙofar ƙarfe lokacin da Ya'u ya ajiye gutsuren biyu a gabansa.

"Ka san wannan?"

Shamsu ya ɗaga baƙin gilashinsa ya leƙa. "Ban taɓa ganinsa ba."

"Ka san Gado?"

"Gado da yawa a Maraɗi."

Ya'u ya ɗauki gutsure ɗaya, ya kankare fentin da makullin mota. Tabon walda ya bayyana, baƙi, a daidai inda ƙarfen ya rabe. Sannan ya nuna gwangwanin fenti mai launin toka da ke ƙarƙashin benci, murfinsa a buɗe.

"Wannan ƙarfe ya kashe mutum yau da safe. Hamidu, wanda ya kawo Gado nan a babur."

Shamsu ya saki abin waldar. "Innalillahi. Mai dariyar nan?" Ya zauna a ƙasa. "Wallahi na faɗa mishi, Shef. Na ce wanga ƙarfe ba irin namu ba ne, ba ya shan wuta, ko ya kama sama-sama ne. Ya ce kwana uku kawai yake so ya yi, sabon na hanya."

La'asar ta yi lokacin da Ya'u ya koma filin da ɗan sanda ɗaya. Gado na nan inda ya bar shi, a inuwar jirgin, ya ɗaure hannayen farfelar da igiya zuwa ƙasa. Ya'u ya ce wa ɗan sandan ya jira a mota.

"Na fito daga wurin Shamsu," ya ce.

Gado ya gyaɗa kai, kamar wanda aka sauke wa kaya. "Ran Talatar da ta wuce na ga ya tsage. Na hana tashi, na aika a kawo sabo. Aka ce sati uku. Sati uku, Ya'u, ko kara ba za a samu a gonakin nan ba. Na kai aka yi walda, na shafa fenti, na rubuta sabo ne."

"Hamidu ya san haɗarin?"

"Bai sani ba. Na ce mishi ƙaramin gyara ne." Ya nuna saman jirgin. "Shi ya riƙe mini tsani na hau na ɗaura."

Ya'u ya ce, "Ni na kira ka ran Asabar."

"Mutum nawa suka kira ni? Har shugaban manoma ya zo gidana."

"Amma su, ai ka ce musu a'a."

Gado bai musa ba. Ya goge hannunsa a wando. "Kai ba ka san mi ke saman jirgin nan ba. Ni na sani. Kai ka roƙa, ni na sa hannu. Kada ka saka sunanka cikin wannan, kana da iyali."

"Hamidu ma na da su."

Ya'u ya fito da ankwa. Ya kasa buɗe ta, sai Gado ya karɓa ya buɗe da kansa, ya miƙo hannuwa. Manoman da ke bakin filin suka dare, suka ba su hanya. Wani dattijo ya ce, "Allah ya sassauta, Malam Gado."

A kwamisariya Ya'u ya ga an rubuta sunan Gado, an karɓi agogonsa da ɗamararsa, an shige da shi ciki. Ya zauna ya rubuta rahoto shafi uku. A shafi na huɗu ya rubuta ranar da ya yi kiran, da lokacin, da kalmomin da ya faɗa, bai rage ko ɗaya ba.

Kwamishina ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau. "Ya'u, wannan ba laifi ba ne a doka. Cire shafin nan."

"A bar shi, ranka ya daɗe. Kuma a ba wani binciken."

"Ka san in ya je gaban alƙali, za a kira ka?"

"Na sani."

Ya fito daga ofishin, ya wuce teburinsa bai tsaya ba. A baranda akwai dogon benci inda shaidu ke jiran a ɗauki bayaninsu. Shamsu da Bo'az na kai. Suka yunƙura za su miƙe, ya yi musu alama su zauna. Shamsu ya matsa, Ya'u ya zauna a gefensa.